Ba A Raɗa Suna Sai An Haihu: Koyar Da Adabi A Ajin Turanci



Da wani abokin aikinmu ya ji abin da muka zaɓa mu yi magana a kai, sai ya yi dariya, ya ce ga batun tsadar abinci, ga na rashin aikin yi, amma mu rasa abin da za mu tara mutane a kansa sai darasin adabi na 'yan sakandare. Ba mu ga laifinsa ba. Sai dai mun duba mun ga cewa da yawa daga cikinku, nan da shekara ɗaya ko biyu, za a tura ku bautar ƙasa, a miƙa muku alli, a nuna muku ƙofar aji, a ce ku koyar da adabin Turanci, ko kun karanta shi a jami'a ko ba ku karanta ba. Waɗansunku kuma za su sami kansu a ma'aikatar ilmi, su ne za su sa hannu a takardar sayen littattafai, su ne za su zaga makarantu duba aikin malamai. Don haka magana ce da ta shafe ku, tun ba ma da yake a wannan ajin ne ake yanke wa yaro hukuncin ko zai so karatun littafi har tsufansa, ko kuwa zai yi sallama da shi ranar da ya ajiye alƙalamin jarrabawa.

Bari mu fara da shiga ajin. Makon farko ne na babbar sakandare. Malam ya shigo, ya juya wa yara baya, ya shiga jera kalmomi a allo: simili, metafo, aironi, haifabali, onomatofiya, har guda talatin ko fiye. Kowace da ma'anarta a layi ɗaya da misali ɗaya, misalin kuwa shi ne wanda aka ba malamin shi kansa lokacin da yake ɗalibi. Yara su kwafa, su tafi gida su haddace, ran Juma'a a yi gwaji. Har zuwa wannan lokaci ba a buɗe littafi ko ɗaya ba, ba a karanta waƙa ko ɗaya ba.

Mu ma haka muka yi a shekarunmu na farko, kuma abin da ya farkar da mu ƙaramin abu ne. A wata makaranta da muka koyar akwai wata yarinya mai ƙwazo wadda ba ta taɓa faɗuwa wannan gwaji ba. Ko cikin barci ka tashe ta za ta kawo maka ma'anar metafo, harafi da harafi. Rannan muka ba su ɗan guntun labari na Turanci, muka ce kowa ya ja layi a ƙarƙashin metafo ɗaya. Ta duba sama ta duba ƙasa, ta miƙo takarda babu layi. Da aka fita shan iska muna wucewa ta bayan aji, sai muka ji ta tana gargaɗin ƙawarta game da wata ɗaliba, tana cewa, "Ai wannan kunama ce, ko ta yi miki dariya ki lura da wutsiyarta." Muka tsaya cik. Abin da ta kasa ganowa a takarda, ga shi ta ƙera shi da bakinta nan take, har ta ƙara masa wutsiya. A harshenta attajira ce, mu kuwa mun zaunar da ita a aji muna ba ta sadaka.

To, daga ina waɗannan kalmomi suka fito? Ya kamata malami ya sani, ya kuma gaya wa yara, cewa yawancinsu ba Turanci ba ne a asali. Yaron Landan ma baƙi ne gare shi. Simili daga Latin take, ma'anarta abin da ya yi kama da wani. Metafo daga Girkanci take, ma'anarta ɗaukar abu daga wani wuri a kai shi wani wuri, har yau kuma in mutum ya je birnin Atina zai ga wannan kalma rubuce a jikin motocin ɗaukar kaya. Watau abin da yarinyar nan ta yi ke nan: ta ɗauko halin kunama ta sauke shi a kan mutum.

Abin lura kuma shi ne, a duk inda aka tsara irin waɗannan kalmomi, adabin ne ya riga su zuwa. Aristotal ya rubuta littafinsa a kan waƙa da wasan kwaikwayo wajen shekara ta 335 kafin haihuwar Annabi Isa, alhali wasan Sophocles na Sarki Oedipus, wanda ya fi kafa hujja da shi, an nuna shi kusan shekara 100 kafin nan. Mutanen Atina sun kalla, sun ji tsoro, sun ji tausayi, daga baya masani ya zo ya ba abin da suka ji suna. Haka Halilu ɗan Ahmad na Basra, wanda ya fitar da ilmin aruli a ƙarni na 8, bai ƙirƙiri karin waƙar Larabawa ba. Saurara ya yi ga abin da mawaƙa suka daɗe suna rerawa tun zamanin jahiliyya, ya fitar da bahar 15, daga baya aka ƙara na 16. Ibn al-Mu'utazz ya tattara nau'o'in adon magana a littafinsa a shekarar 887, Abdulƙahir al-Jurjani, wanda ya rasu a 1078, ya zurfafa bincike a kan tashbihi da isti'ara, dukansu kuwa daga maganar da ke akwai suka ciro. Waɗanda suka zauna a zaure a cikinku sun san ba a fara wa almajiri da balaga. Sai ya ci littattafai, kunnensa ya saba da Larabci, sa'an nan. A ƙasar Hausa ba a yanka ragon suna sai jariri ya kwana bakwai a duniya. Mu a ajin adabi mun tara jama'a, mun raba goro, mun raɗa sunaye talatin, ba a ko yi naƙuda ba.

Kada a ɗauka muna zargin malamai da lalaci. Akwai abin da ke tura su. A tsarin Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1952, darasin adabin Turanci takarda 3 ne. Ta farko tambayoyi 50 ne na canki-canka: 20 a kan wasan Shakespeare da aka zaɓa, sauran kuma a kan sanin kalmomin adabi da guntun zube da waƙa waɗanda ɗalibi bai taɓa gani ba. Malamin da yake da yara saba'in ko tamanin a aji, littafi kuwa bai fi biyar ba, in ya ga haka sai ya ce hanya mafi sauƙi ita ce hadda. Amma ko ta fuskar cin jarrabawar ma lissafin bai fita ba. Tambayar da za ta ce kawo ma'anar kaza kaɗan ce. Mafi yawa layi za a ajiye wa yaro a ce wane irin ado ne wannan, takarda ta 2 da ta 3 kuwa sharhi ake nema da jimlolin ɗalibi na kansa. Nan ne mai hadda ke tsayawa kamar yarinyarmu. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Shi wannan gwaji na ba ɗalibi waƙar da bai sani ba yana da tarihi mai amfani gare mu. Wani malami a Jami'ar Kambirij ta Ingila, I. A. Richards, ya riƙa raba wa ɗalibansa waƙoƙi ba tare da sunan mawaƙi ko take ba, ya ce su rubuta abin da suka fahimta. Ya buga sakamakon a 1929, bisa waƙoƙi 13. Matsala ta farko da ya lissafa ita ce, da yawansu sun kasa gane ainihin abin da waƙar ke faɗa, ma'anar fili kawai, kafin a je ga ado. Jama'a, waɗannan 'ya'yan Turawa ne, da harshen uwarsu, a ɗaya daga cikin manyan jami'o'in ƙasarsu. Ina ga yaron da Turanci harshensa na biyu ne ko na uku? Tambayar farko a kowane darasi ya kamata ta zama: wa ke magana, da wa yake, me ya faru? Wanda ya tsallake wannan ya tafi farautar metafo, ya ɗora jinka ne ba a kafa dirka ba.

Yanzu bari mu dubi kayan da yaron ya shigo da su aji, waɗanda muke sa shi ya ajiye a bakin ƙofa tare da takalmansa. Ku ɗauki kalmar ci. Bahaushe yana cin tuwo, amma kuma yana cin kasuwa, yana cin jarrabawa, yana cin zaɓe, yana cin amana, yana cin mutunci, yana cin bashi. Yana shan ruwa, yana shan iska, yana shan wahala, yana shan kaye. Murnarsa farin ciki ce, damuwarsa baƙin ciki. Kogi yana da baki, mota tana da ƙafa, magana tana da kai. A 1980 waɗansu masana biyu na Amurka, George Lakoff da Mark Johnson, suka wallafa littafi guda don nuna cewa irin wannan ɗauko-sauke shi ne ginshiƙin maganar yau da kullum, har ma da tunani. Malamin da ya rubuta ci a tsakiyar allo ya ce yara su kawo abubuwan da ake ci waɗanda ba sa shiga ciki, cikin minti biyar allo zai cika, aji ya kaure da dariya. A lokacin ne zai ce: wannan abin da kuke yi tun kuna goye, masana Hausa suna kiransa siffantawa, Turawa suna kiransa metafo, yanzu ku buɗe shafi kaza mu ga yadda wannan marubuci ya yi nasa. In aka sa kamar ko tamkar a tsakani, ya zama kamantawa, watau simili. In barci ya sace yaro, ko talauci ya yi wa mutum sallama, an ba abin da ba mutum ba aikin mutum, wannan mutuntarwa ce. Onomatofiya kuwa, wadda haruffanta 12 na Turanci suka sha jawo wa yara bulala, ba kowa ba ce illa ƙarar da dutse ke yi in ya faɗa rijiya, tinjim.

Wadda ta fi ba ɗalibai wuya ita ce aironi, don kuwa ma'anar da ake haddacewa ba ta kama komai. Amma wane yaro ne bai taɓa fasa tulu ba, uwarsa ta dube shi ta ce, "Madalla, ka kyauta"? Ya san ba yabo ba ne, ya san gatse ne, har ya fara neman hanyar gudu. Wannan shi ne nau'i na farko. Nau'i na biyu, na wasan kwaikwayo, shi ne mai kallo ya san abin da mutumin cikin wasa bai sani ba. Daga 2016 zuwa 2020 wasan Shakespeare da aka sa wa ɗalibai shi ne Othello. Duk nauyin wasan nan a kan abu ɗaya ya rataya: mu 'yan kallo mun ji Iago yana ƙulla makircinsa, mun ga yadda ɗan hankicin Desdemona ya faɗa hannunsa, shi kuwa Othello yana ta yaba gaskiyar mutumin da ke haƙa masa rami, har ya kashe matarsa a kan ƙarya. Yaron da ya taɓa zama gaban kakarsa da dare, yana jin Gizo na yi wa Kura daɗin baki alhali kowa a tabarmar ya san abin da Gizo ya shirya, ya riga ya ɗanɗani wannan. Bambancin kawai, a tatsuniya dariya ake yi, a Othello zuciya ce ke tsinkewa. Wannan bambanci kansa darasi ne na yini guda, kuma ya fi kowace ma'anar hadda bayyana abin da ake nufi da wasan ban tausayi.

Ko littafin da ake ganin ya yi mana nisa ƙwarai yana da ƙofa. Daga 2021 zuwa 2025 an sa Wuthering Heights na Emily Brontë, wanda ya fito a 1847, labarin gidaje biyu a tsaunukan arewacin Ingila masu sanyi da iska. Yara sukan ruɗe tun a farko, don ba su gane wa ke ba da labarin ba: baƙo ne ɗan haya, Lockwood, yake gaya mana abin da mai aikin gida, Nelly Dean, ta gaya masa. To, ai labari cikin labari ba baƙo ba ne ga wanda ya karanta Magana Jari Ce, inda Abubakar Imam ya sa aku yana ta zuba labarai don ya tsare ɗan sarki kada ya fita, ko Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda malami ke ba almajiransa tarihin kansa. Daga nan sai tambaya mai daɗi ta taso da kanta: shin Nelly ta faɗi duk gaskiya, ko ta rufe nata laifin? Ɗalibin da ya fara wannan tambaya ya shiga nazarin adabi, ko bai san sunan abin da yake yi ba.

Na gabanmu sun san wannan hanya. Ibrahim Yaro Yahaya ya juya wasan Shakespeare zuwa Daren Sha Biyu a 1971. Bala Abdullahi Funtuwa ya juya Animal Farm na George Orwell zuwa Gandun Dabbobi a 1975, ya mai da gonar ta Nomau, ya kira babban aladen Maitumbi, mai karatu kuwa bai bukaci a gaya masa cewa ba a kan dabbobi ake magana ba. Ta fannin kalmomi kuma, Abdulƙadir Ɗangambo da sauran malaman Hausa na jami'o'i sun yi aikin tsara jigo da salo da zubi da amsa-amo da sauransu, har aka fitar da ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi a 1990 ƙarƙashin editancin Ɗalhatu Muhammad. Abin takaici shi ne, a makaranta ɗaya malamin Hausa da malamin Turanci suna koyar da abu ɗaya ga yara ɗaya, bango ɗaya ne tsakaninsu, amma ba su taɓa zama sun gwada littattafan shirin darasinsu ba.

Akwai wani malami da muke so kowane ɗayanku ya sani kafin ya riƙi alli, shi ne Lakunle na wasan Wole Soyinka, The Lion and the Jewel, wanda shi ma yana cikin littattafan 2021 zuwa 2025. Saurayi ne malamin makarantar ƙauyen Ilujinle, yana son Sidi, amma ya ƙi biyan kuɗin aure don a ganinsa al'adar ƙauyanci ce. Da zai kushe al'adar sai ya shiga jero manyan kalmomin Turanci ɗaya bayan ɗaya har suka ƙare masa, da Sidi ta yi masa ba'a sai ya amsa cewa ƙaramin ƙamus gare shi, amma ya aika a kawo masa babba. A ƙarshe Baroka, dagacin ƙauyen, tsoho ɗan shekara 62 wanda ya san inda magana ke shiga zuciya, shi ya tafi da Sidi. Mun sha ganin aji na dariyar Lakunle, malam ma na dariya, ga jerin kalmomi talatin a allo a bayansa.

Sai dai kuma a yi hattara, kada gyaran gira ya jawo tsiyayar ido. Ba kowane abu na Turanci ne ke da ɗan'uwa a Hausa ba. Karin waƙa babban misali ne. Rubutacciyar waƙar Hausa, kamar ta Larabci, a kan nauyin gaɓa take tafiya, gajera da doguwa. Ta Turanci kuwa a kan ƙarfin furuci take, wata gaɓa a danna ta, wata a sassauta. Layin Shakespeare yawanci gaɓa 10 ne, bugu 5, mai rauni sa'an nan mai ƙarfi. Hausa ba ta da wannan dannawa, karin sauti gare ta, hawa da sauka, wanda kalangu ke kwaikwayo. A nan kwatance zai ɓad da yaro ne. Ba abin da ya rage sai malam ya karanta da ƙarfi, yara su bi, ana buga tebur, har kunne ya kama. Haka kuma habaici da zambo da gatse kowanne da gurbinsa, kada a cusa su duka cikin buhu ɗaya don a huta. Sa'an nan ba duk yaran aji ne Hausawa ba. A tambayi Bafulatani da Babarbare da Banufe da ɗan Tibi yadda ake faɗin abin a gidansu, aji zai ƙaru, ba zai ragu ba. Kuma ajin Turanci ne, Turanci aka zo koyo: minti biyar na harshen gida sun isa, sauran lokacin na littafin ne. Wanda ya maye jerin kalmomin Turanci da jerin kalmomin Hausa ya ce a haddace, bai yi komai ba illa sauya wa bulala kube.

Saura batun littafin kansa. Yau da yawa daga cikin ɗalibai suna shiga jarrabawa ba su taɓa riƙe littafin da za a tambaye su a kai ba. 'Yan ƙasidun taƙaitawa suke saye a bakin makaranta, ko su nemi taƙaitawar a wayar hannu, inda na'ura za ta jera musu jigo da taurari cikin daƙiƙa kaɗan. Wanda aka ba labarin tuwo bai ci tuwo ba. Ku da za ku shiga aji, in kwafi biyar kuka tarar, a raba yara gida biyar, a karanta da baki, kowa da nasa mutumin a cikin wasa. Wasan kwaikwayo don a yi shi aka rubuta shi, gindin bishiya kuwa ya isa dandali. Kowane yaro ya keɓe shafukan ƙarshe na littafin rubutunsa, duk lokacin da aka ci karo da wani ado a karatu, a rubuta sunansa, da layin da aka same shi, da misali ɗaya daga gida wanda yaron ya ji da kunnensa, da ɗaya wanda ya ƙirƙira da Turanci. Kafin ƙarshen shekara kalmomi talatin ɗin nan za su cika, kowace da ranar haihuwarta.

Ku kuma da za ku zauna a ma'aikata, in kun je duba makaranta, kada ku tsaya ga ƙirga shafukan da aka kwafa. Ku tambayi kwafi nawa na littafin ke cikin ajin, ku ɗauki yaro ɗaya daga bencin baya ku ce ya ba ku labarin babin da aka karanta jiya. In kuɗin sayen littattafai ya zo gabanku, kwafi ɗaya ga kowane benci shi ne mafi ƙarancin abin da za ku yarda ku sa wa hannu.

Shugaba yana duban agogo, mun kuwa yi alkawarin barin lokaci don tambayoyi, musamman daga waɗanda suka riga suka koyar suka ga abin da ba mu gani ba.